Surukina Mai Tsuntsayen Ajiwa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi ake komawa da mu ɗaya bayan ɗaya. Surukina, mahaifin maigidana, ya amsa kira ana saura 'yan kwanaki soja su miƙa mulki, ruwan farko bai ko sauka a Katsina ba. Sunanshi ba zai fito a rubutun nan ba. Yana raye ban taɓa faɗa ba, balle yanzu. Baba muke ce mashi, haka zan ce mashi a nan.

Kwanakin zaman makoki tsakar gidanmu na Kambarawa ya cika har bakin rijiya. Ni ce matar babban ɗa, don haka ni ke kai ruwa, ni ke kwashe kwanoni, kuma Allah ya yi ni da kunne, abin da aka faɗa a ƙarƙashin mayafi ma sai ya iso ni. Gwaggo, ƙanwar Baba da ta zo daga Batagarawa, tana ta lissafa kyawawan halayenshi, cewa jam'i ba ya wuce shi, cewa mudunshi na awo a Babbar Kasuwa bai taɓa lotsawa ba. Ana ta cewa Allah ya jiƙan shi. Can gefe kuwa wata na tambayar ta kusa da ita ko shi ne tsohon nan da ke hawa keke har dam don ya kalli tsuntsaye. Waccan ta ce shi ne, ai tun da ya dawo daga kurmi aka ce mutanen ruwa sun shafe shi. Ta ukunsu ta sa bakin gyale ta rufe dariya.

A ƙofar gida manyan riguna ne ke sauka daga motoci, sababbin zaɓaɓɓu da masu bin su, saboda maigidana ya yi masu wahala lokacin zaɓe. Su yi fatiha a gurguje, kafin a shafa hira ta koma kan wanda za a ba wace kujera. Katangar zaure ba ta da kauri, duk ina ji. Cikinsu murya ɗaya ce ta tsaya mani, ta tsohon aminin Baba mai sayar da kanwa, wanda ya ce shi dai ya rasa abokin gardama, kuma bai ga amfanin zuwa kasuwa ba yanzu.

Maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu, mutuniyar Kudancin Kaduna da muke katanga ɗaya, ta aro mayafi ta shigo, ta zauna bakin ƙofa ta fashe da kuka da ƙarfi. Gwaggo ta ce mata a nan ba a ɗaga murya kan mamaci. Ta ce, "Ki yi haƙuri Gwaggo, ni ban iya na shiru ba." Inna, surukata, tana cikin ɗaki da carbi tun safe. Ashe raɗar nan ta mutanen ruwa ta kai mata. Sai ta ɗaga labule ta ce babu wasu mutanen ruwa, tsuntsaye ne kawai, wanda ke son bayani ya tambayi wannan, ta nuna ni da haɓa. Duk aka juyo. Ni kuwa na sunkuyar da kai na shige madafa. Amsar da na kasa bayarwa ranar ce nake rubutawa yanzu, da ɗan bokon da na tsinta, kada jikokinshi su tashi da labarin masu rufe baki da gyale.

Baba ya yi zaman Ikko tun yana saurayi. Gadi ya yi a wani sito da ke bakin ruwa, daidai inda kogi ke haɗuwa da teku, birnin na bayanshi da hayaniyarshi. Ya ce a wurin ruwa ba ya zama wuri ɗaya. Zai cika ya taho har gindin sito, sai kuma ya ja da baya ya bar taɓo baƙi mai wari, faɗinshi ya fi filin Idi, kuma haka yake yi kullum, safe da yamma, babu hadari babu damina. Da ruwa ya janye sai tsuntsaye su sauko kan taɓon su yi ta kiwo da sauri kafin ya dawo. Mai gadi ba shi da aikin da ya wuce zama da ido, shi kuma ba shi da kowa a garin, sai ya zama su ne mutanenshi. Ya lura mai gajeren baki na tsintar abin da ke sama, mai dogon baki na tono na ƙasa, kowa da inda bakinshi ke kaiwa, shi ya sa da wuya ka ga suna faɗa. In 'ya'yanshi suka kaure da rigima kan abinci ko kan fili, abin da yake tuna masu ke nan, su kuma su yi ta ƙunshe dariya. Wani ma'aikacin jirgin ruwa da ya gan shi kullum yana ƙura wa taɓo ido ya bar mashi madubin hangen nesa mai ido biyu, ɗayan a fashe. Da shi ya dawo gida, da akwatin ƙarfe, da labarin da ba wanda ya yarda da shi.

Kan labarin ruwan nan suka ɓata da amininshi mai kanwa. Mai kanwa ya ce ruwa ko dai ya cika da damina ko ya ƙafe da rani, amma ruwan da ke tafiya ya dawo kamar ɗan aike, wannan sai a tatsuniya. Ya faɗa a gaban mutane, aka yi dariya. Baba ya naɗe tabarmarshi ya bar rumfar, damina guda ba su gaisa ba. Abin da ya shirya su rashin lafiyar mai kanwa ce, Baba ya je dubiya, yana zama mara lafiyan ya buɗe ido ya ce mashi har yanzu fa bai yarda ba. Baba ya ce ai shi ma ba don ya yarda ya zo ba. Daga nan suka ci gaba da gardamarsu har tsufa.

Da aka kawo ni gidan na tarar da al'adar. Duk ranar da kasuwa ta yi sanyi zai bar wa maƙwabcin rumfa awon, ya hau keke ya nufi dam ɗin Ajiwa, can ƙasar Batagarawa, madubin na rataye a wuya cikin riga. Sai gab da magariba zai dawo, ƙafafun wando duk taɓo. Ya yi salla, a shimfiɗa mashi buzu a ƙofar ɗakin Inna, ya fara ba ta labarin wanda ya gani da wanda bai zo ba. Yau dinya ta sauka. Yau zalɓe ya tsaya a ruwa tun hantsi bai kama komai ba, kamar wani mai jiran albashi. Ba faɗa kawai yake yi ba, kukan kowanne sai ya kwaikwaya. Inna kuwa amsarta ɗaya ce, tana tsinke zogale ko tana kaɗi, ta ce, "To, sai mi?"

Ni ina madafa, taku kaɗan daga wurin. Wanda ya san gidajenmu ya san tsakanin mace da uban mijinta akwai kunya. Da safe in durƙusa daga nesa in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri, shi ke nan har gobe. Ba hira, ba haɗa ido, in na hango shi a soro in koma. Kuma ni ba mai fita ba ce, ban san ruwan da ya fi na kududdufin bayan unguwa girma ba. Amma kunne ba shi da mayafi. In ya fara kukan kirinjijiya, agwagwar nan mai fito, sai in ji taɓarya ta tsaya a hannuna. Ban san ya lura ba sai da na gane duk sanda dakana ya yi shiru, muryarshi ƙaruwa take yi. Inna na kusa da shi, ba ta buƙatar a ɗaga mata murya.

Wata rana ya yi wani kuka mai kaifi, ya tambayi Inna na wane ne. Ta ce ita ina ta sani, ita ba tsuntsuwa ba ce. Ban san sanda bakina ya suɓuce ba, na ce daga madafa, ƙasa-ƙasa, "Inna, ki ce zakaran ƙeƙuwa ne." Sai Baba ya yi gyaran murya ya ce wa Inna ta gaya wa mai amsar ta yi daidai. Daga ranar aka buɗe makaranta. Shi ya tambayi Inna, ni in amsa wa Inna, Inna ta yi ta mita cewa ga kunnenshi ga bakina amma mun mai da ita wayar tarho. Shekara da shekaru muna haka. Na san kukan tsuntsayen da ban taɓa gani ba, na san lokacin zuwan kowanne da lokacin tafiyarshi. 'Ya'yan cikinshi kuwa da ya fara suke zamewa. Maigidana ya taɓa roƙon Inna ta lallashe shi ya daina zuwa dam, wai abokanshi na yi mashi tsiya a tasha.

Akwai abin da ba zan manta mashi ba. Cikina na biyu ya zo ba rai. Na kwanta a ɗaki ina kallon bango, ba ci ba magana, mata na shigowa suna ba ni haƙuri ina jin su kamar daga cikin rijiya. Suruki ba ya shiga ɗakin matar ɗanshi. Sai na ji an jawo buzun nan daga ƙofar Inna zuwa gindin darbejiya, kusa da tagata. Ya ce wa Inna yau ya ga abin tausayi. Zakaran ƙeƙuwa a ƙasa yake ƙwai, kan tsakuwa, ba sheƙa ba komai, shanun Fulani sun zo shan ruwa sun tattake. Uwar ta yini tana kewaya wurin tana kuka, ba wanda ya hana ta, shi ma bai ga laifinta ba. Ya ce amma ya san halinsu, shekarun baya ya gani, in ta gama kukanta takan ci abinci, ta sake neman wuri. Sannan ya ce wa Inna a dama wa yarinyar nan kunu mai tsami. Ranar Inna ba ta ce sai mi ba. Ni kuma ranar na fara kuka, na kuma sha kunun.

Cikin tsuntsayenshi akwai na musamman. Wani yammaci da kaka ya shigo da keken har tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba, bai ko cire takalmi ba, ya ce wa Inna, "Ya biyo ni." Ta firgita ta ce wa. Ashe wani tsuntsu ne da ya sani a taɓon Ikko, toka-toka, dogayen ƙafafu masu ɗan kore, bakinshi siriri ya ɗan ɗaga sama, in ya tashi bayanshi fari fat, sai ya yi fito sau uku a jere. Shekaru bai gan shi ba, sai ga shi a bakin Ajiwa yana kiwo kamar gonar ubanshi. Ya tambayi masunta, ba wanda ya san mashi suna, sai ya raɗa mashi Ɗan Ikko. Ya ce wannan ne shaidarshi, ban da shi, tsuntsun kaɗai a duk ƙasar Katsina ya ga ruwan nan mai tafiya da dawowa, da zai yi magana da mai kanwa ya ji kunya. Ɗan Ikko da kaka yake zuwa, ya yi rani a nan, in zafi ya tsananta kafin ruwa ya sauka sai ya ɓace. Duk shekara Baba sai ya je tarbarshi, kuma sai ya je sallama.

Sannan yanar ido ta rufe mashi idanu, a hankali, ɗaya sannan ɗayan. Kunne ya yi nauyi, sai an kai baki kusa. Gwiwa ta ƙi. Aka rataye keken a soro. Rani biyu bai je Ajiwa ba, bai kuma yi ƙorafi ba, sai dai buzun ƙofar Inna ya zama wurin shiru. A bana ne, da sanyi ya fara ja baya, ya ce yana so a kai shi. Ya gaya wa Inna dalili ba ɓoye-ɓoye, cewa jikinshi ya gaya mashi ba zai ga wata kakar ba, in Ɗan Ikko ya tashi bana ba su yi sallama ba, shi ke nan.

Maigidana ke da mota a gidan, bas ce ta haya. To amma shi ne ɗan fari, kuma Baba mutumin da ne, ko sunanshi ba ya kira, balle ya dube shi ya roƙe shi abu. Inna ma haka. Sai maganar ta bi ta bakin ƙanin maigidana, kafin ta isa ta ƙanƙance, ta zama wai tsoho na marmarin shan iska. Lokacin kuwa zaɓe ke bin zaɓe, bas ɗin ba ta kwana gida, an lulluɓe ta da hotuna, tana ƙauyuka da lasifika. Aka ce a bari a gama zaɓe. Aka gama, sai zuwa murna da kai gaisuwa, yau nan gobe can. Na gwada yi mashi bayani da kaina, ya ce in kwantar da hankalina, da an rantsar da sabuwar gwamnati zai ɗauki Baba da kowa da kowa a yi yini guda a dam, har da nama. Ba mugunta ba ce, shi a ganinshi dam ba ya gudu. Ni da Baba muka san rantsarwar nan sai bakin damina, kuma tsuntsun ba zai jira ta ba.

Bayan Babbar Salla zafi ya sauko sosai. Kullum da safe Baba zai tambayi Inna ko motar ta kwana gida, ta ce a'a, ya ce to. Daga baya ya daina tambaya, abincin ma ya rage. Ta kan katanga na gaya wa Maman 'Yan Biyu, muna shanya. Mijinta bakanike ne, yana da tsohuwar a-kori-kura da yake ɗaukar kayan gyara. Da ma yaransu a gaban Baba suka girma, shi ya hana su harbin tsuntsu da danƙo. Washegari Baban 'Yan Biyu ya yi sallama a zaure ya ce in Baba ya shirya, shi ya rufe gareji yau.

Sai ga matsala. Wanda za a kai ba ya gani, ba ya ji sai an matso. Inna ta dube ni ta ce in ɗauko mayafina. Na ce ban tambayi maigida ba. Ta ce in tambaya, in ce ita ta ce. Na same shi yana sa hula zai fita, ya ce in Inna ta ce shi wane ne, a dai kula da tsohon a hanya.

Baba a gaba, mu mata uku a baya kan tabarma, muna riƙe da ƙarfe. Da muka sauka daga kwalta na hango ruwan, sai na kama hannun Maman 'Yan Biyu. Wai a haka ma ya janye saboda rani. Aka shimfiɗa wa Baba buzu a inuwar wata bishiya, ya sa hannu ya taɓa ƙasa, ya shaƙi iska ya ce warin nan bai canja ba. Ni kuwa abin da ya same ni ban san yadda zan faɗe shi ba. Duk kukan da na sani daga bakin tsoho, ga shi yana fitowa daga masu shi. Kamar a ce an daɗe ana ba ka labarin dangi, sai ga ka a tsakiyarsu.

Muka zauna yadda muka saba, Inna kusa da kunnenshi, ni can baya. In ji kuka in gaya mata, ita ta faɗa mashi da ƙarfi. To Inna shekarun nan duk ba ta riƙe ko ɗaya ba. Na ce kirinjijiya, ta ce mashi wai agwagi ne. Ya ce waɗanne iri, ta ce masu fuka-fuki. Na ce zakaran ƙeƙuwa, ta ce wai zakara ne, ya ce zakaran wa, a bakin dam. Baban 'Yan Biyu ya karɓi madubin yana ta ƙoƙari, yana cewa ga wani fari, ga wani baƙi, ga wani ya tashi. Da farko Baba na murmushi. Da rana ta karkata murmushin ya ƙare. Ya tambaya ko an ji mai fito uku, na ce wa Inna a'a, wannan kam ta isar daidai. Sai ya ce mun makara, a yi la'asar a mai da shi gida, kada a ɓata wa bawan Allah nan yini.

Shi ya yi tashi sallar a zaune. Inna ta ɗauki buta ta matsa can gefe, ta kabbara. Baban 'Yan Biyu ya tafi zuba wa mota ruwa. A daidai nan na ji shi. Daga can gabas, inda ruwa ya bar taɓo, fito uku a jere, siriri, tsaf kamar yadda aka koya mani. Na dubi Inna, tana raka'ar farko. Na san in ya tashi ya tashi, kuma in na jira ta sallame abin da za ta ce mashi shi ne wai wani tsuntsu ya yi kuka. Mace ba ta fito a garinmu, tun muna yara ake buge mana baki a kai. Ban tsaya tunani ba. Na ja gwiwa har gefen buzun, inda ban taɓa kaiwa ba tun da aka kawo ni gidan, na kai bakina kusa da kunnenshi na yi fiton.

Jikinshi ya ƙame. Ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"Naki ne, ko nashi kika ɗauko?"

"Nashi ne. Yana gabas, bakin taɓo. Yanzu ya yi."

"Kada ki tausaya mani, ɗiyata. In babu ki ce babu."

Na ce wallahi yana nan. Allah da ikonSa sai tsuntsun ya sake yi, Maman 'Yan Biyu ta ce ita ma ta ji, ga shi can ya tashi, bayanshi fari. Ba wanda ya taɓa gaya mata bayanshi fari ne. Na faɗa wa Baba abin da ta ce. Sai ya lalubo madubin ya ɗora a idon da ba ya gani, ya juya gabas, ya riƙe shi haka, hawaye na bin gemunshi.

Ya ce, "Sake yi mani."

Na sake.

"Na ukun kin ja shi da yawa. Duka ukun tsawonsu ɗaya."

Na gyara, ya ce yauwa. Ya tambaya murya nawa nake ji, na ce ɗaya. Ya ce to sauran sun wuce, wannan ya tsaya cika ciki ne, gobe ko jibi ba za a same shi ba. Ya ɗaga hannu wajen ruwan ya ce a sauka lafiya, a gaida mutanen can.

Inna ta sallame ta same mu a haka. Ta ce mace da fito, a gaban suruki, tana cikin salla tana ji, yau ta ga ƙarshen zamani. Sai muryarta ta karye, ta juya mana baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Ba ta dawo wurinta ba. Har rana ta yi ja ni ce a kunnenshi. Ya tambaya in amsa, in kwaikwaya ya gyara, ya ba ni labarin sitonshi na Ikko tun daga farko, ni kaɗai, yana cewa kin gane ko, ina cewa na gane Baba. Baban 'Yan Biyu ya zauna kan mota bai ce mu yi sauri ba.

Da muka dawo gida komai ya koma mazauninshi. Da safe na durƙusa daga nesa na gaishe shi, ya amsa yana fuskantar bango. Ba wanda ya ce a yi haka, haka dai muka ga ya dace. Amma ya ci abinci kwanakin nan, har ya aika a gaya wa mai kanwa shaidarshi ta zo ta tafi, kuma yanzu yana da shaida ta biyu a cikin gida. Maigidana da ya ji yadda aka yi ya ce shi bai san abin ya kai haka ba, me ya sa ba a gaya mashi sosai ba. Ranar jana'iza ƙannenshi ne suka riƙe shi a maƙabarta.

Makonni kaɗan bayan tafiyarmu jikin Baba ya rikice. Safiyar ranar ƙarshe rediyon maƙwabta na ta maganar shirin bikin miƙa mulki, ina madafa na ɗora tukunya, sai Inna ta leƙo ta ce ana kira na. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ta ce in shiga, shi ya ce. Na shiga na matsa kusa da kunnenshi na yi sallama.

Ya ce, "Mi kike ji?"

Na kasa kunne. Na ce kurciya a kan darbejiya. Na ce tsattsewa na shawagi sama. Sannan na ji wani ƙwas-ƙwas daga kan kukar bayan gida, na ce Baba, shamuwa ta sauka, tana buga baki.

Ya ce, "To alhamdu lillahi. In shamuwa ta iso, Ɗan Ikkona ya daɗe da isa inda za shi." Ya ɗan huta, sannan ya ce, "Tashi ki duba tukunyarki, ɗiyata, kada ta ƙone."

Ban so tashi ba. Amma tun da nake a gidan bai taɓa sa ni wani aiki da bakinshi ba sai wannan, don haka na tashi. Ina tsaye a kan tukunyar, muciya a hannuna, na ji Inna ta ɗaga murya da salati.

Ya Allah, ga baƙonKa nan ya iso. Ka yafe mashi, Ka buɗe mashi idon da ya rufe, Ka saukar da shi inda ruwa ke gudana. Mu da ya bari Ka ba mu haƙuri, don ni har yau ban same shi ba.